Filin Tambayoyinku: An Watse Taron Falkaswa, Ina Sababbin Tuba Suka Shiga?

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kukansu ɗaya ne: ikilisiya ta roƙi Allah ya kawo farkawa, ya kawo, sai aka rasa yadda za a yi da mutanen da suka shigo. Fastoci da malaman Littafi Mai Tsarki da ke kula da wannan fili sun zaɓi wasu daga ciki sun amsa. An taƙaita tambayoyin, an kuma cire sunaye.

Tambaya daga wani dattijon ikilisiya: Mun yi taron falkaswa na kwana biyar, mutum 140 suka fito gaba suka karɓi Yesu. Yau wata biyu ke nan, waɗanda muke gani a sujada ba su kai 15 ba. Wasu na cewa dama tubansu ba na gaskiya ba ne. Haka ne?

Amsa: Baba, kafin a ɗora wa mutanen laifi, a fara rarrabe wannan 140 ɗin. Waɗanda ke fitowa gaba ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ranar ya fara ba da gaskiya. Akwai tsohon mai bi da ya ja da baya ya dawo. Akwai ɗan wata ikilisiya da ya zo taro, wanda Lahadi mai zuwa zai koma wurinsu, kuma daidai ne ya koma. Akwai wanda rashin lafiya ko damuwa ta fito da shi neman addu'a, da yaron da ya ga abokinsa ya tashi shi ma ya bi. Idan a daren ba a tambayi kowane ɗaya abin da ya fito da shi ba, to ba ku san yawan sababbin tubanku ba, balle ku san nawa suka ɓace.

Gaskiya ne Yesu ya ba da misalin mai shuka a Matiyu 13, ya ce wani iri kan faɗi a kan duwatsu. Amma bai kamata ikilisiyar da ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba ta fake da wannan aya. Abin da ya fi faruwa shi ne: an rubuta sunaye a gaggauce cikin duhu, rabin lambobin waya ba su cika ba, an zuba takardun a jaka an ajiye a ofishin fasto, ma'aikata sun gaji sun ce sai sun huta mako ɗaya. Shi kuwa sabon tuba ya koma gida, abokai na yi masa ba'a, zuciyarsa na tambayarsa ko abin da ya ji a daren nan gaskiya ne. Ranar Lahadi ya daure ya zo, babu wanda ya san sunansa, bai san lokacin tashi da na zama ba, ya kasa gano Romawa a cikin Littafi Mai Tsarki. Sau biyu ya yi haka, na uku ba zai zo ba.

Wannan ciwo tsoho ne. A shekarar 1763 John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, ya ratsa yankin Pembrokeshire na ƙasar Wales, inda aka shekara ashirin ana wa'azi mai zafi ba tare da an haɗa mutane cikin ƙungiyoyi ba. Ya rubuta cewa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barci fiye da da. Shi kuma tun 1742, a birnin Bristol, ya raba mutanensa aji-aji, kowane aji kimanin mutum 12 da shugaba ɗaya mai ganin kowa sau ɗaya a mako ya ji yadda ransa yake. Abin da ya riƙe mabiyansa ke nan bayan zafin farkawa ya lafa.

Don haka a taro na gaba, takardar suna ta ƙunshi: cikakken suna, lambar waya da aka kira nan take aka ji ta yi ƙara, kwatancen gida, kimanin shekaru, harshen da ya fi ji, ko yana iya karatu, wanda ya gayyato shi, dalilin fitowarsa, da kuma ko ya yarda a zo gidansa. A daren, ba washegari ba, mutum uku su zauna su raba takardun ga masu kula, a kwafe komai cikin littafi ɗaya da zai zauna a hannun ikilisiya. Kada kwana biyu su wuce ba a kira kowane mutum ba, kada mako ya cika ba a gan shi ido da ido ba. Ranar Lahadi kuma mai kula da shi ya je ya taho da shi, ko ya jira shi a bakin ƙofa, su zauna tare.

Tambaya daga wani matashin fasto: Muna shirin taro nan da wata uku. Mun kafa kwamitin talla, na waƙa, na masauki da na lasifika. Me ya rage?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamitin da ya fi kowanne muhimmanci ne ya rage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da ƙirga hannuwan da kake da su. Mai bi ɗaya da ke da aikinsa da iyalinsa zai iya kula da sabon tuba uku da kyau, biyar ne iyakarsa. Idan kana sa ran mutum 60, kana bukatar masu kula 15 zuwa 20, maza ga maza, mata ga mata. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe kada a sassauta ta ko kaɗan, domin yawancin abin kunyar da ke biyo bayan farkawa daga nan yake farawa, daga "addu'a ta musamman" tsakanin namiji da mace su kaɗai.

Ka zaɓe su da kanka, kada ka yi sanarwa a sujada ka ce mai so ya ɗaga hannu. Ka nemi masu riƙon asiri da haƙurin saurare, ba lallai masu iya magana ba. Ka zauna da su sau ɗaya a mako har mako shida kafin taron. Su iya bayyana bishara cikin minti biyar ba tare da kalmomin da baƙo ba zai gane ba. Su gwada cika takardar suna a tsakaninsu. Su san abin da ya fi ƙarfinsu: wanda ya ce yana tunanin kashe kansa, matar da ake duka a gida, mai fama da shaye-shaye, mai taɓin hankali. Irin waɗannan a kai su wurin fasto a ranar, fasto kuma ya haɗa su da likita ko hukumar da ta dace, addu'a na tafiya tare da magani.

Batun kuɗi: ikilisiyoyi kan ƙarar da komai a kan dandali, fitilu da baƙon mai wa'azi, ranar da aka watse babu ko na sayen Littafi Mai Tsarki goma. Shawararmu ita ce a ware kashi ɗaya cikin uku na kasafin tun farko don abin da zai biyo baya, wato Littattafai, takardun darasi, kuɗin kira da na zirga-zirgar ziyara, a kuma sayi kayan kafin daren farko. Sannan ka share kalandar ikilisiya na mako takwas bayan taron: babu gidauniyar gini, babu bikin cika shekara. Mutumin da Lahadinsa ta farko ta faɗo a ranar tara kuɗi zai ɗauka abin da aka kira shi ya yi ke nan.

Ko Billy Graham, shahararren mai wa'azin nan na Amurka, da duk yawan jama'arsa, ya ga wannan gibi. A farkon shekarun 1950 ya roƙi Dawson Trotman, wanda ya kafa ƙungiyar Navigators, ya tsara masa yadda za a horar da masu ba da shawara da yadda za a bibiyi waɗanda suka fito gaba. Idan ka ga girbin zai fi ƙarfinka, ka yi magana da ikilisiyoyin da ke kusa tun yanzu, ku amince cewa kowane sabon tuba za a miƙa shi ga wadda ta fi kusa da gidansa. A Luka 5, da taruna suka fara kecewa, Bitrus da abokansa yafuto ɗaya jirgin suka yi.

Ka kuma tsara hutun ma'aikatanka, har da naka. Evan Roberts yana da shekara 26 lokacin da ya jagoranci farkawar Wales ta 1904, wadda aka ƙiyasta mutum 100,000 sun tuba a cikinta. Zuwa 1906 jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sun gaji har ya janye daga wa'azi a bainar jama'a. Waɗanda za su yi aikin bibiya kada a ba su aikin ɗaukar kujeru da gadin dare a makon taro.

Tambaya daga wata malamar Makarantar Lahadi: An ba ni ajin sababbin tuba ba tare da littafin koyarwa ba. Kusan rabinsu ba sa iya karatu. Daga ina zan fara?

Amsa: Mama, ki fara da abin da zai hana su barci a makon farko: shin Allah ya karɓe ni da gaske, kuma me zan yi idan na sake yin zunubi? Yohanna 1:12 da 1 Yohanna 1:9 sun isa darasi biyu na farko. Daga nan sai wane ne Yesu, mutuwarsa da tashinsa. Yadda ake addu'a, da Addu'ar Ubangiji a matsayin abin koyi. Yadda ake jin Maganar Allah kullum. Aikin Ruhu Mai Tsarki. Jaraba da tsofaffin halaye. Ma'anar baftisma da jibin Ubangiji. Sai zaman mai bi da iyalinsa da maƙwabtansa. Mako takwas zuwa goma sha biyu ya wadatar. Ki bar Ru'ya ta Yohanna, gardamar ɗariku da batun zakka sai gaba.

Kada aji ya wuce mutum 10 ko 12, kada zama ya wuce awa ɗaya, rabin lokacin kuma nasu ne su yi tambaya. Ga marasa karatu, ki ba da labari ɗaya daga Markus da baki, ki maimaita, ki sa biyu daga cikinsu su sake faɗa, a haddace aya ɗaya tare. Ana samun Littafi Mai Tsarki na saurare a waya cikin harsuna da dama, a sa musu. Kada ki taɓa kiran sunan mutum ya yi karatu a gaban jama'a sai kin tabbata yana iyawa, domin kunyar wannan rana kaɗai na iya korarsa.

Ki tsaya tsayin daka a kan koyarwa ko da wasu sun ce Ruhu ya isa ya koya musu. Tsakanin 1913 da 1915, William Wade Harris, mutumin Laberiya, ya yi wa'azi a gaɓar tekun Kwaddibuwa da yammacin Gana ta yau, aka ƙiyasta mutum sama da 100,000 sun bar gumaka sun yi baftisma. Turawan mulkin Faransa suka kore shi. Ya bar musu umarnin su gina majami'u, su kiyaye ranar Lahadi, su jira masu zuwa da Littafi. Sai a 1924 ɗan mishan na Methodist, William Platt, ya iske su, wasu da Littafi Mai Tsarki ajiye a majami'a babu mai iya karantawa. Amincinsu abin yabo ne, amma kusan shekara goma suka yi da ƙishirwar abin da ke hannunki yanzu. A Antakiya kuwa, da mutane da yawa suka ba da gaskiya, Barnaba ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, suka shekara guda cur suna koyarwa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11 ya nuna.

Tambaya daga wani dikon: Dattawanmu sun rabu biyu. Wasu sun ce a yi wa sababbin tuba baftisma nan da nan, wasu sun ce sai sun shekara. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kowane ɓangare na da abin kafa hujja. A ranar Fentikos an yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a rana ɗaya, haka Filibus ya yi wa wani bafadan sarauniyar Habasha a kan hanya. Amma waɗannan mutane ne da suka riga suka san Attaura da annabawa. Da bishara ta shiga cikin masu bautar gumaka sosai, zuwa ƙarni na 3, wasu ikilisiyoyi kan koyar da mutum har shekara uku kafin baftisma.

Ku bi tsarin ɗarikarku, amma ga inda muka tsaya: a sa rana, a sanar da ita tun darasin farko, ta kasance a ƙarshen ajin nan na wata biyu zuwa uku. Abin da ke kashe zuciya shi ne jira marar iyaka, a ce sai bishop ya zo, sai an gama gini. Kafin ranar, dattijo biyu su zauna da kowane ɗaya, ba don jarrabawar hadda ba, sai don su ji da bakinsa wanda ya dogara gare shi da abin da ya bari. Yaron da bai kai shekara 18 ba, a nemi yardar iyayensa tukuna.

Ku kuma yanke shawara a kan al'amura masu wuya kafin su zo muku. Mai mata fiye da ɗaya misali ne. Taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth ya hana yi masa baftisma a 1888, amma a 1988 ya yarda a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin matansa na raye, ba za a tilasta shi ya saki ko ɗaya ba, kuma ikilisiyar wurin ta amince. Ko wane matsayi ɗarikarku ta ɗauka, dattawa su san shi, su faɗe shi da murya ɗaya. Mugun abu ne dattijo ɗaya ya ce wa mutum e, wani ya ce masa a'a.

Tambaya daga wata 'yar ƙungiyar mawaƙa: Wani saurayi da aka sani da ta'addanci a da ya tuba. Cikin wata ɗaya an kai shi majami'u huɗu yana ba da shaida, yanzu ana so a naɗa shi shugaban matasa. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, zuciyarki ta yi daidai. Bulus ya faɗa wa Timoti sarai a 1 Timoti 3:6 cewa kada shugaba ya zama sabon tuba, don kada girman kai ya kumbura shi ya faɗi. Idan mutum ya yi ta maimaita labarin tsohuwar rayuwarsa ana tafi, labarin kan ƙara gishiri kowane zuwa, shi kuma ya rasa wanda zai gaya wa cewa har yanzu yana fama da jaraba, tun da kowa ya ɗauke shi gwarzo. Ranar da ya yi tuntuɓe, kunya ba za ta bar shi ya dawo ba.

A ba shi aiki, amma wanda ba na makirufo ba, tare da dattijo ɗaya da zai riƙa ganinsa kowane mako. Shugabanci ya jira aƙalla shekara ɗaya bayan baftisma, aiki da yara ko riƙon kuɗi ya fi haka jira. Kuma kada a ɗauki hoto ko bidiyon wani sabon tuba a sa a Facebook ko WhatsApp ba da izininsa ba. Akwai waɗanda iyalinsu ba su sani ba tukuna, hoto ɗaya na iya raba su da gida, da aiki, ko ya jefa ransu cikin haɗari. Shi ne zai zaɓi lokacin da zai faɗa da kuma yadda zai faɗa.

Tambaya daga wata dattijuwa: Tun da sababbin suka shigo, tsofaffin membobi ke gunaguni: sun zauna a kujerunmu, shigarsu ba ta dace ba, kullum roƙon taimako. Ni ma wani lokaci abin na damuna.

Amsa: Mama, mun gode da kika faɗi gaskiya. Ikilisiyar farko ma ta sha wannan. A Ayyukan Manzanni 6, da almajirai suka yawaita, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabo. Manzanni ba su tsawata wa kowa ba, tsari suka gyara: aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Ku ma ku kafa mutum uku zuwa biyar masu kula da taimako, da ƙa'ida a rubuce. Mai kula da sabon tuba kada ya ba shi rance daga aljihunsa, domin ranar da ya kasa biya, ranar zai daina zuwa sujada. Kada kuma a ɗaura taimako da sharaɗin baftisma.

Batun shiga da ɗabi'a, a bar wa mai kula ya faɗa a keɓe, a hankali, bayan an saba. Kada a yi shi daga bagadi, kada kuma mai tsaron ƙofa ya mayar da kowa. A ƙarshen shekarun 1960, matasa masu dogon gashi, wasu ba takalmi, suka cika majami'ar Calvary Chapel a jihar Kaliforniya ta Amurka. Da wasu suka damu kada a ɓata sabuwar darduma, fastonsu Chuck Smith ya ce gara a cire dardumar. Fasto ya kamata ya shirya tsofaffin membobi da wa'azi makonni kafin taro, ya gaya musu cewa kujerunsu za su canja. Ke kuma, da girmanki, ki ɗauki mace ɗaya cikin sababbin ki riƙa zama kusa da ita. Idan sauran mata suka ga haka, rabin gunagunin zai mutu.

Tambaya daga sakataren wata ikilisiya: Namu taron ya wuce da wata huɗu, takardun na nan cikin kwali. Lokaci ya ƙure?

Amsa: Bai ƙure ba. Bulus da Barnaba sun koma Listira, Ikoniya da Antakiya don su ƙarfafa waɗanda suka bari a can. Ka fito da kwalin a wannan makon, ka tara mutum goma, ku raba takardun bisa unguwa. Mai kira ya fara da ba da haƙuri cewa ikilisiya ce ta yi jinkiri, kada ya tambayi mutum don me bai zo ba. Ya tambayi lafiyarsa da abin da za a yi masa addu'a a kai, sannan ya gayyace shi ƙaramin zama na mutum kaɗan a rana da lokaci takamaimai, ba babbar sujada ba. Wanda ya ce yana zuwa wata ikilisiya, a yi masa fatan alheri a rubuta. Wanda ya ce a daina kiransa, a daina. Wanda lambarsa ba ta shiga, a nemi wanda ya gayyato shi. Bayan mako biyu ku sake zama da littafin, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowane mai kula ya faɗi inda nasa suke.